Tun Tana Sakandare Ake Rasa Ta

A shekarar 2017 binciken ƙungiyar ISC2, mai ba ƙwararrun tsaron intanet takardar shaida, ya nuna mata kashi 11 ne kacal cikin ɗari na masu wannan aiki a duniya. A 2019 adadin ya kai 24, amma sai da aka faɗaɗa lissafin waɗanda ake kira ma'aikatan tsaro. Ko a haka, cikin mutum huɗu uku maza ne.

Matsalar ta riga ranar ɗaukar aiki. Kamfanin Kaspersky ya tambayi matasa a Turai da Amurka da Isra'ila a 2017, ya tarar 'yan mata kan cire rai da wannan fanni tun kafin su cika shekara 16. Yarinyar da kullum ake nuna mata ɗan kutse a fim, saurayi a ɗaki mai duhu ya lulluɓe kansa, kuma babu malamin da ya taɓa ce mata aikin kare asusun banki ne da bayanan asibiti, ta yaya za ta yi sha'awarsa?

Masu cewa aikin ne bai dace da mata ba, tarihi ya ƙaryata su. A Bletchley Park ta Ingila, inda aka warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, kusan kashi 75 na ma'aikatan mata ne. A Amurka, mata ne suka karɓi kashi 37 na digirin ilimin kwamfuta a 1984, daga baya adadin ya faɗi ƙasa da 20. Sun shiga, aka bari suka zare jiki.

Shi ya sa hukumar tsaron intanet ta Birtaniya ta buɗe gasar CyberFirst a 2017, wadda daga baya aka keɓe wa 'yan mata masu shekara 12 zuwa 13. A Najeriya, gidauniyar CyberSafe ta Confidence Staveley tana horar da 'yan matan Afirka kyauta a shirin CyberGirls.

Mu nan abin ya fi shafar mu. Matar da aka ƙwace wa WhatsApp, ko ake mata barazana da hotunanta, sau da yawa gara ta haɗiye da ta miƙa wa namiji wayarta ya bincika. Mace 'yar'uwarta take nema, ga shi a yawancin garuruwanmu da wuya ta samu.