Azawak: Karen Da Ramarsa Ba Ta Yunwa Ba Ce

Duk wanda ya fara ganin karen Azawak, tambayar da ke zuwa bakinsa ita ce, "Anya ana ba shi abinci kuwa?" Haƙarƙarinsa a fili, ƙasusuwan ƙugu sun ɗago, ciki ya lafe, ga ƙafafu zara-zara kamar na barewa. To ɗalibai, ku kwantar da hankalinku, haka halittarsa take. Namiji yakan kai tsayin santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Mai tausayin da ya dage da ɗura masa abinci har ya yi teɓa, cutarsa ya yi, don siraran ƙafafun nan ba na ɗaukar kitse ba ne.

Sunansa ya samo asali ne daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, arewa da Tawa, inda Abzinawa da sauran makiyaya suka daɗe suna kiwonsa. Sai a shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka kuwa sai a 2019 ta ba shi cikakkiyar rajista.

Yawancin karnukan farauta da hanci suke bin sawu. Shi wannan da ido yake aiki. Da ya hango zomo ko barewa ta motsa daga nesa, sai ya ɓalle da gudun da kan haura kilomita 60 a awa guda, a lokacin kuma ko ka tsage maƙogwaro da kira ba zai waiwayo ba. Shi ya sa ba a sakinsa a bakin titi, kuma mai kaji ko zomaye a gida sai ya yi hattara, sai fa in tare suka tashi tun yana ɗan kwikwiyo.

Halinsa ne ya fi ba mutane mamaki. A wurin makiyaya ba farauta kaɗai yake yi ba, shi ne mai gadin zango da dabbobi. Saboda haka ba ya kaɗa wa kowa bindi. Baƙo ya zo, sai ya ja gefe yana kallonsa, ko ya yi haushi. Mutanen gida kuwa yana manne da su, musamman mutum guda da ya ɗauka ubangidansa. Wasu kan ce girman kai ne. A ganina, taka-tsantsan ne na wanda ya saba kwana da ido ɗaya. Duka da tsawa ba sa gyara shi, sai dai su mayar da shi matsoraci ko mai cizo. Da lallashi da ɗan abin tauna ake koya masa, kuma tun yana ƙarami ya kamata ya saba ganin mutane iri-iri.

Zafin rana bai cika damunsa ba, muddin akwai inuwa da ruwan sha. Sanyi da ruwan sama ne abokan gabarsa, domin gashinsa gajere ne, fatarsa siririya, ba kitsen da zai ɗumama shi. Da hunturu a shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo inda iska ba ta bugawa. Kwanciya a kan siminti tsirara ma takan sa masa kanta a gwiwa.

Babbar buƙatarsa ita ce fili. Karen da aka halitta don tsere a sarari, in aka ɗaure shi da sarƙa a ɗan tsakar gida wuni guda, zai koma haƙa rami da kuka da dare. Kullum yana son doguwar tafiya da kuma wuri mai shinge da zai zuba gudu. Sai allurar rigakafin ciwon haukan kare tun yana wata 3, da maganin tsutsar ciki, da duba kunnuwa da tsakanin yatsunsa don cire kaska. Wanda ke shirin ɗauko shi kuma ya san cewa yakan rayu shekara 12 zuwa 15: ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya gama jami'a karen yana nan.