Ƙwayar da ta ɓace a CERN: me ya sa masana ba sa saurin cewa "mun gano"?

Ran 15 ga Disamba, 2015, cibiyar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan ta ba da wani labari da ya tada hankalin masana fiziks. A can ne ake da na'urar LHC, zobe mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, inda ake gwara furoton da furoton cikin gudu kusa da na haske, sannan a duba ɓaraguzan da suka tarwatse. Rukunoni biyu, ATLAS da CMS, kowanne ya ga ƙwayoyin haske bibbiyu suna fitowa fiye da yadda lissafi ya nuna, a wajen ma'aunin 750 GeV. Wato kamar akwai wata sabuwar ƙwaya da ta ninka ƙwayar Higgs ta 2012 nauyi har sau shida.

Nan da nan hankali ya koma kan sufasimetiri. Ka'idar tana cewa kowace ƙwayar da muka sani tana da abokiyar tagwaici mai nauyi da ba a taɓa gani ba. Idan haka ne, za ta iya bayyana dalilin da ya sa Higgs ba ta yi nauyi sosai ba, ta kuma ba mu haske kan ɓoyayyen abun nan da ke riƙe taurari a falaki. Cikin 'yan watanni aka rubuta maƙalu kimanin 500 kan alamar, da yawansu ta wannan fuskar.

To amma manomi a Kalgo ko Gwandu ya san cewa ruwan farko ba shi ne damina ba. Wanda ya yi gaggawar shuka, iri na iya ƙonewa a ƙasa. Su ma masana suna da nasu mizanin, sigma 5: damar a ce dace ne kawai ya haifar da alamar ta zama kusan ɗaya cikin miliyan 3.5. Wannan kuwa ko sigma 4 ba ta kai ba.

A watan Agusta 2016, a taron Chicago, aka kawo sababbin bayanai masu yawa. Alamar ta ɓace. Ashe dace ne.

Har yau LHC ba ta ga abokiyar tagwaici ko ɗaya ba. Hakan bai kashe ka'idar ba, sai dai ya rage mata wuraren ɓuya. Don haka ɗalibinmu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, in ka ji an ce an gano sabuwar ƙwaya, fara tambaya: sigma nawa, kuma rukuni na biyu ya tabbatar?