Majinyaci ya tsallaka, fayil ya tsaya a asibiti: Darasin Rufa'a kan adana tarihin lafiya a intanet

A watan Disambar 2023, lokacin da dakarun RSF suka shiga Wad Madani, babban birnin jihar Jazira a Sudan, suka kuma bazu zuwa garuruwa irin su Rufa'a da Hasahisa, dubban ɗaruruwan mutane ne suka bar gidajensu cikin 'yan kwanaki. A cikinsu akwai masu wankin ƙoda, da masu jinyar ciwon daji, da masu ciwon sukari da ke rayuwa da allurar insulin. Da dama sun fita da abin da hannu zai iya ɗauka kawai, fayil ɗinsu kuwa yana can kan kantar asibiti.

Likitan da ya karɓe su a Gadarif ko Kasala sai ya fara da tambaya: wane magani ake sha? Ƙwaya nawa a rana? Yaushe aka yi gwaji na ƙarshe? Amsar da yakan samu ba ta wuce "wata 'yar farar ƙwaya ce, safe da yamma" ba. Irin wannan giɓi ne shafin majinyaci na intanet yake cikewa a ƙasashen da suka samar da shi. Inda babu shi kuma, akwai abin da iyali za su iya yi wa kansu da wayar da ke hannunsu.

Mene ne shafin majinyaci?

Shafi ne a intanet, ko manhaja a wayar salula, wanda asibiti ko hukumar lafiya ke buɗe wa mutum domin ya ga bayanan jinyarsa da kansa. Yana shiga da suna da kalmar sirri, sai ya tarar da sakamakon gwajin jini, da jerin magungunan da aka rubuta masa, da allurar rigakafin da ya karɓa, da ranar da zai koma ganin likita. A wasu shafukan yana iya neman a ba shi rana, ko ya aika wa likita saƙo.

Bambancinsa da katin asibiti, wanda a Nijar ake kira karne, shi ne wurin ajiya. Katin yana hannun mutum, fayil yana ɗakin ajiyar asibiti, kuma wuta ko ambaliya ko wawashewa na iya cinye su duka. Bayanan shafi kuwa suna cikin manyan kwamfutoci a wani wuri daban, don haka ko waya ta ɓace, ana iya shiga ta wata wayar.

A Saudiyya ma'aikatar lafiya tana da manhajar Sehhaty. A Faransa an buɗe Mon espace santé a 2022. A Ingila akwai NHS App, a Amurka kuma asibitoci da yawa suna amfani da MyChart. Ƙasar Estoniya ta fara haɗa bayanan lafiyar 'yan ƙasarta wuri guda tun 2008.

Me ya sa batun ya shafi Hausawan Jazira?

Hausawa sun daɗe a gaɓar kogin Shuɗin Nilu. Wasu zuriyar mahajjata ne da suka yada zango a kan hanyar Makka, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Da aka buɗe aikin noman rani na Jazira a 1925, ƙarin mutane sun zo aikin auduga, suka zauna a ƙauyuka da unguwannin 'yan ƙwadago da ake kira kanabi.

Ga mazauna waɗannan ƙauyuka, babban asibiti shi ne na Wad Madani. A can ne asibitin cututtukan ƙoda yake, a can ne kuma cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira take, ɗaya daga cikin 'yan wurare ƙalilan da ake yi wa masu ciwon daji gashi a Sudan kafin yaƙin. Bayan ɓarkewar yaƙi a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, majinyatan babban birnin ma can suka kwarara. Da Wad Madani ta faɗi, sai masu neman gashi suka nufi Marawi a arewacin ƙasar, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci.

Wasu iyalan ma sau biyu ko uku suka yi gudun hijira. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na watannin Yuli da Oktoban 2022 ya kori dubban Hausawa zuwa Sinnar da Jazira da Farin Nilu. A ƙarshen Oktoban 2024 kuma hare-haren da aka kai gabashin Jazira, ciki har da Rufa'a da Tambul da Hilaliya, suka sake tayar da mutane. Kowace ƙaura tana nufin sabon likita wanda bai san komai game da majinyacin ba.

Abin da ake da shi a ƙasa

Sojoji sun sake karɓar Wad Madani a ranar 11 ga Janairun 2025, mutane kuma sun fara komawa. Sai dai a asibitocin karkara har yanzu takarda da biro ne ke riƙe da tarihin mutum. Ma'aikatar lafiya ta Sudan, kamar na Najeriya da Nijar, tana amfani da tsarin DHIS2 da Jami'ar Oslo ta samar, amma babban aikinsa tattara alƙaluma ne: mutum nawa suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a wata, yara nawa aka yi wa rigakafi. Ba don majinyaci ya buɗe ya ga fayil ɗinsa aka yi shi ba.

Ita ma intanet ɗin ba abin jingina ba ce a kullum. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani sun katse, kuma a sassan Jazira an shafe watanni ba waya ba intanet, sai wanda ya biya kuɗi ya hau Starlink na ɗan lokaci. Duk da haka, yaƙin ya nuna cewa mutanen karkara suna iya sarrafa manhaja idan buƙata ta kama. Bankak ta Bankin Khartoum ta zama hanyar da 'yan uwa ke aika kuɗin abinci da na magani har cikin ƙauye. Hannun da ya iya tura kuɗi ta waya zai iya adana hoton takardar likita.

Ga wanda ke ƙasar da ke da shafin

Hausawan Sudan da Nijar da Chadi suna da yawa a Saudiyya, wasu kuma a Faransa. Duk wanda ke da damar buɗe shafi, abu na farko shi ne ya yi rajista tun yana da lafiya. Sehhaty tana neman lambar shaida irin ta iƙama da lambar waya, Mon espace santé kuma tana tafiya ne da lambar inshorar lafiya da ke kan carte Vitale. Lambar wayar tana da muhimmanci, domin ta nan ake aiko lambar tabbatarwa. Wanda ya yi rajista da layin wani, ko ya yar da layinsa, yana iya samun kansa a kulle a waje.

Na biyu, ya duba ko bayanan daidai ne. Sunan Bahaushe kan fito da siffa uku, ta Larabci da ta Faransanci da ta Ingilishi, kuma ranar haihuwa kan bambanta daga takarda zuwa takarda. Irin wannan saɓani na iya raba fayil ɗin mutum gida biyu.

Na uku, ya riƙa sauke muhimman sakamako zuwa cikin waya, ya kuma buga su a takarda kafin tafiya. Galibi shafin wata ƙasa ba ya magana da asibitin wata ƙasar. Likita a Rufa'a ko Maraɗi ba zai iya leƙa Sehhaty ba, sai abin da majinyacin ya nuna masa.

Na huɗu, sakamako na iya bayyana a waya kafin likita ya yi bayaninsa. Ganin lamba da jan launi ba dalili ba ne na daina shan magani ko ƙara shi. Numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, zubar jini ga mai ciki, ko jijjigar yaro kuwa, ba na aika saƙo a jira amsa ba ne. Asibiti ake nufa kai tsaye.

Yadda iyali za su haɗa tasu taskar

Inda hukuma ba ta buɗe shafi ba, iyali na iya haɗa ƙaramar taska da kansu. Ana buƙatar waya mai kyamara da mutum ɗaya mai kula, ko ɗalibi ne ko malamar makaranta. A ɗauki hoton kowace takarda a wuri mai haske, a tabbata suna da kwanan wata sun fito, a ware wa kowane majinyaci wurinsa. A haɗa da hoton katin inshorar lafiya da na lambar ɗan ƙasa ga wanda yake da su.

Abin da ya fi muhimmanci ya danganta da ciwon:

Mai ciwon sukari: sunan insulin ko ƙwayar da yake sha, adadin da yake amfani da shi, da gwajin HbA1c na ƙarshe, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku.

Mai hawan jini: sunan maganin da ƙarfinsa, domin amlodipine mai miligram 5 daban yake da mai 10.

Mai wankin ƙoda: sau nawa ake yi masa a mako, nauyin da ake so ya koma bayan wanki, da sakamakon gwajin ciwon hanta nau'in B da C, saboda cibiyoyi kan nemi wannan kafin su ɗora mutum a kan na'ura.

Mai ciwon daji: takardar gwajin naman da aka yanka, matakin ciwon, sunayen magungunan da aka ƙara masa da zagaye nawa ya yi, da adadin gashin da aka riga aka yi. Wasu magungunan, kamar doxorubicin, suna da iyakar da ba a so a wuce a tsawon rayuwa saboda illarsu ga zuciya.

Mai tarin fuka: ranar da ya fara magani, domin jinyar takan ɗauki wata shida, kuma katse ta na iya sa ƙwayar cutar ta bijire wa magani.

Mai juna biyu da yara: katin awo, rukunin jini, ko an taɓa yi mata tiyatar haihuwa, da katin rigakafin kowane yaro.

A saman duka a rubuta shafi guda a taƙaice: suna, shekaru, cututtuka, magunguna, da duk maganin da jikin mutum ba ya karɓa. A ajiye wannan wuri uku: cikin wayar kanta yadda za a buɗe ba tare da intanet ba, wurin amintaccen ɗan uwa a wani gari, da kuma takarda a cikin leda.

Idan aka tsallaka iyaka

Likitocin Sudan suna rubutu da Ingilishi ko Larabci, na Chadi da Nijar da Faransanci. Abin da ke tsallaka harsunan nan uku shi ne asalin sunan magani, wanda yake rubuce a ƙarƙashin sunan kamfani a jikin kwali. Panadol da Doliprane duk paracetamol ne. Glucophage kuma metformin ne. Wanda bai san haka ba yana iya shan magani ɗaya sau biyu da sunaye biyu.

Ma'auni ma yana bambanta. Sukarin jini na mai azumi da aka rubuta 126 mg/dL a wani wuri, shi ne 1,26 g/L a takardar Faransanci, shi ne kuma 7 mmol/L a Ingila. Saboda haka hoton takardar gaba ɗaya ya fi a karanta wa likita lamba ta waya.

Sirri

Tarihin lafiya amana ce. A lokacin yaƙin an sha ƙwace wayoyi da bincikar su a shingaye, don haka a sa wa waya makulli, kuma kada a bar hotunan jinya cikin sauran hotuna. Kada a tura sakamakon mutum zuwa zauren WhatsApp na dangi da sunan neman taimako sai da izininsa, musamman cutar da ake tsangwamar mai ita, ko abin da ya shafi haihuwa. Lambar tabbatarwa da ake aikowa ta saƙo ba a karanta wa kowa ita ta waya, ko da ya ce daga asibiti yake.

Yayin da ake gyara asibitocin Jazira, tambayar da ya kamata shugabannin al'umma su riƙa yi wa hukumomi da ƙungiyoyin agaji ita ce ko majinyaci zai iya samun kwafin bayanansa, da kuma yadda za a yi da wanda ba shi da lambar ɗan ƙasa, matsalar da ta daɗe tana ci wa wasu Hausawan Sudan tuwo a ƙwarya. Kafin a samu amsa, aikin da ke hannun iyali bai wuce na yini guda ba, kuma ya shafi na Difa da Gwoza kamar yadda ya shafi na Rufa'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.