Furobayotik a Kiwon Jatan Lande: A Yi Lissafi Kafin a Zuba Jari

Masu kiwon kifi a ikilisiyoyinmu suna ta jin labarin bayofulok da furobayotik. Ya kamata mu fahimce su kafin wani ya sa kuɗin iyalinsa, ko na zumunta, a ciki.

Bayofulok hanya ce ta kiwon jatan lande da kifi ba tare da yawan sauya ruwa ba. Farfesa Yoram Avnimelech na Isra'ila yana cikin waɗanda suka bunƙasa ta, manoman jatan lande a Indunusiya da Indiya kuma suna aiki da ita. Kashin jatan lande da ragowar abinci suna sakin amoniya, guba ce. Maimakon a zubar da ruwan, sai a zuba abu mai sukari ko sitati, kamar garin rogo, har sinadarin kabon ya ninka naitirojin wajen sau 15. Ƙwayoyin bakteriya sai su cinye amoniyar, su dunƙule su zama 'yan gudaje, jatan lande kuma ya ci su. Ƙazanta ta koma abinci ke nan.

Furobayotik kuwa ƙwayoyi ne masu rai, masu amfani, waɗanda ake zubawa a ruwan ko a gauraya da abinci. Mun san irin wannan aiki a gida. Mai yin kindirmo takan zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara domin ta kama. Bacillus subtilis, wadda ake yawan sa wa cikin furobayotik, ita ce ke nunar da daddawa. A cikin tanki, waɗannan ƙwayoyi suna ƙwace abinci da wuri daga masu cutarwa irin su Vibrio. Wani nau'in Vibrio ne ya kawo cutar da ta ɓulla a Sin a 2009, ta hallaka jatan lande masu yawa a Biyetnam da Tailan.

Sai dai furobayotik rigakafi ne, ba ya ta da abin da cuta ta riga ta kwantar. Kuma abu mai rai yana da bukatunsa. Dole injin hura iska ya yi aiki dare da rana. In wuta ta ɗauke babu janareta, cikin 'yan sa'o'i ana iya rasa kome. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da kulorin suna kashe masu amfanin ma. Ana kuma auna gudajen: a ɗebi ruwa lita 1 a mazubi mai tsinin gindi, a bar shi ya kwanta. Ga jatan lande ana son wajen mililita 10 zuwa 15.

Jatan landen da aka fi kiwo yana son ruwa mai gishiri, don haka a arewa karfasa ce ta fi dacewa da wannan hanya, gama tana cin gudajen sosai.

A Luka 14 Yesu ya yi magana a kan mai gini da ke fara zama ya lissafta kuɗin aikin. Wanda ba shi da tabbacin wuta, kada ya ci bashi don bayofulok. Wanda yake da shi, ya fara da tanki ɗaya, ya koya a wurin wanda ya iya. Dukiyar da ke hannunmu amana ce. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon ta. Amin.