Sinadaran Ruwan da Ke Tsiyaya Daga Juji: Misalin Abule Egba

Mun zaɓi tsohon jujin Abule Egba, da ke kan hanyar Legas zuwa Abeokuta, a matsayin misalin koyarwa, domin ɗaliban unguwannin Hausawa na Agege sun san shi, kuma gidaje da dama a yankin da ruwan rijiya suke amfani.

Idan ruwan sama ya ratsa tarin shara, yakan kwashi narkakken ragowar abinci da ganye da takarda. A can ƙasan tarin babu iskar oksijin, don haka ƙwayoyin bakteriya kan fara mayar da wannan ragowa sinadarai masu tsami. Tsamin ne ke narkar da ƙarafa irin su baƙin ƙarfe da dalma, su bi ruwan. Bayan wasu shekaru, wani rukunin ƙwayoyin kan cinye tsamin, ya fitar da iskar mitan mai kama wuta. Abin da ke saura shi ne amoniya da wasu sinadarai masu wuyar ruɓewa, waɗanda ke rina ruwan ya koma kalar shayi. Yumɓu kan riƙe wani kaso na wannan gurɓata, amma rairayi kan bar ta ta gangara har cikin rijiyoyi.

Muna ba da shawarar manhaja ta kira wannan ruwa "tsiyayen juji". Wajibi ne kuma malami ya nuna wa ɗalibai cewa garau ɗin ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ne, kuma tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta cire dalma.