Shekara 14 ana jiran ƙwayar silikon guda: darasin Propeller 2

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin inbatar sola, ko mitar wutar lantarki ta kati, ko na'urar POS da ake cirar kuɗi da ita a bakin titi, zai ga wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu da ƙafafu sirara jere a gefensa. Masu gyaran rediyo da waya suna kiran irinsa aisi. A cikin dangin aisi akwai wanda masana ke kira maikirokontirola, wato cikakkiyar kwamfuta a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya, da ƙwaƙwalwar lissafinta, da ma'adanar bayananta, da ƙafafun da take karɓar saƙo da su take kuma ba da umarni. Ita ce ke tayar da fanka idan inbata ta ɗau zafi, ita ce ke yanke wuta idan kuɗin mita ya ƙare. Mafi yawan waɗannan ƙwayoyi manyan kamfanoni ne ke zana su a ɓoye, da ɗaruruwan injiniyoyi. Wadda zan ba mai karatu labarinta a yau ta saɓa wa wannan al'ada, domin mutum ɗaya ne ya jagoranci zana ta a bainar jama'a, masu sha'awar haɗe-haɗen lantarki na ƙasashe daban-daban suna kallo, suna gwadawa, suna gardama, har tsawon shekara 14.

Mutumin shi ne Chip Gracey, wanda ya kafa kamfanin Parallax tare da abokinsa a 1987, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Gracey bai yi jami'a ba, da kansa ya koyar da kansa tun yana ɗan sakandare. A 1992 kamfanin ya fitar da wani ɗan allo mai suna BASIC Stamp, wanda ya sauƙaƙa wa ɗalibai da masu sha'awa sarrafa fitilu da injina, shekaru 13 kafin a haifi Arduino a garin Ibreya na Italiya. Daga nan Gracey ya ɗaura ɗamarar zana ƙwaya tasa ta kansa. Ya shafe kimanin shekara 8 a kanta, ta fito a 2006 da sunan Propeller.

Kafin a fahimci abin da ya sa mutane suka kamu da son Propeller, sai an san matsalar da ta zo warwarewa. Maikirokontirola ta al'ada ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta. Kamar mai kanti ne da ba shi da yaro: yana cikin awon sukari wani ya kira shi ya ba da canji, dole ya ajiye mudu, ya sallami wancan, sannan ya dawo ya tuna inda ya tsaya. Wannan tsari na katse aiki shi ne ginshiƙin kusan duk ƙananan na'urori, kuma shi ne tushen kurakuran da suka fi wahalar ganowa, domin ba wanda ya san daidai lokacin da kiran zai zo. Gracey ya ce a kawar da katsewar baki ɗaya. Ya zuba ƙwaƙwalwa 8 a cikin ƙwaya ɗaya, ya kira kowacce kog, wato haƙorin giyar inji. Wannan kog ya kula da madannai, wancan ya kula da allon kallo, na ukun ya saurari na'urar auna zafi, ba mai taɓa aikin wani. Kowane kog yana da 'yar ma'adanarsa ta kilobait 2, sannan dukkansu suna tarayya a kan rumbu guda mai kilobait 32 a tsakiya. Yadda suke shiga rumbun kuwa tamkar lugude ne, mata sun kewaye turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta, ba karo ba jira na ba-zata. Saboda haka mai rubuta manhaja yana iya ƙirga wa'adin kowane umarni daidai wa daida. Da gudun megahaz 80 kacal, wannan ƙwaya tana iya fitar da hoto a talabijin, ta karanta madannai da linzami, ta fitar da sauti, duk a lokaci guda.

Tun a shekarar da Propeller ta fito aka fara maganar magajiyarta. Masu sha'awa suka soma lissafin abin da za su yi da ita: wani yana son haɗa na'urar awon igiyar lantarki, wani injin sassaƙa ƙarfe, wani na son farfaɗo da kwamfutocin wasanni na shekarun 1980. Abin da ya bambanta wannan jira da sauran shi ne ba a bar su riƙe da haɓa ba. Akwai wata irin aisi da ake kira FPGA, wadda cikinta kamar allon makarantar allo yake, a rubuta zanen da'irar lantarki a kanta, ta yi aiki kamar ƙwayar gaske, a wanke a sake rubuta wani. Gracey ya riƙa fitar da zanensa a wannan siga, duk mai allon FPGA a gida ya ɗora ya gwada. Ta haka tsofaffin injiniyoyi da suka yi ritaya da malaman makaranta da matasa suka riƙa rubuta manhajoji ga ƙwayar da ba a ƙera ba tukuna. Suna gano kurakurai, suna ba da shawarar sabbin umarni, shi kuma sau da yawa cikin 'yan kwanaki ya shigar da shawarar ya fitar da sabon zane.

A nan ne alherin ya fara zama nauyi. Kowace shawara mai kyau ce idan aka dube ta ita kaɗai, amma Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. An taɓa kai zanen masana'anta don gwaji, samfurin ya dawo da lahani bai yi aiki ba. Yayin da ake jiran gyara sai aka ci gaba da ƙara masa kaya. A 2014 aka zauna aka lissafa wutar da zanen zai ci idan aka zuba shi a silikon, sai aka ga ta doshi wat 5. Ga ƙwayar da ake so ta zauna a ɗan allo ba fanka, wani lokaci ma a kan batir, wannan hukuncin kisa ne. Masu sha'awar da kansu suka laƙaba wa zanen suna P2-Hot, wato mai zafi. Aikin shekaru aka jingine shi gefe.

Ya kamata ɗalibin injiniya ya tsaya a wannan gaɓa ya yi nazari. Allon FPGA yana tabbatar maka cewa dabararka daidai take, lissafi yana fita yadda ka tsara. Ba ya faɗa maka yawan zafin da miliyoyin tiransistoci za su haifar idan suna buɗewa da rufewa tare a cikin ƙwayar gaske. Fasahar ƙira da ƙaramin kamfani kamar Parallax ke da ƙarfin biya ita ce ta nanomita 180, wadda manyan kamfanoni suka wuce tun farkon shekarun 2000. A wannan fasaha tiransisto yana da girma, yana cin fili, yana cin wuta. Zanen ya yi kyau a takarda da kan allon gwaji, amma dokokin kimiyyar lantarki ba sa sauraron sha'awar kowa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ganin labarin ya cancanci shafin jarida. A watan Agustan 2014 Parallax ya saki cikakken zanen Propeller ta farko kyauta, a harshen zanen da'ira na Verilog, ƙarƙashin lasisin GPL da ke bai wa kowa damar karantawa da gyarawa. Gracey kuma ya koma tushe ya fara sabon zane mai sauƙi. Maimakon a cusa kowace dabara a cikin kog, sai aka mayar da wani sashe na aikin zuwa ƙafafun ƙwayar. Kowace ƙafa daga cikin 64 ta samu 'yar da'irarta da ke iya auna ƙarfin lantarki, ko fitar da shi gwargwadon buƙata, ko ƙirga bugu, ko aika saƙo, ba tare da ta dami ƙwaƙwalwa ba. Rumbun tsakiya aka faɗaɗa shi zuwa kilobait 512, aka kuma raba shi gida-gida ta yadda a kowane bugun agogo kowane kog yana da gidan da yake ɗiba, lugude ya tashi daga turmi ɗaya ya koma jerin turame. An yi niyyar kog 16, amma da aka zo lissafin fili a kan silikon sai aka ga ba za su shiga ba, aka haƙura da 8. Har katse aikin nan da Gracey ya ƙi a ƙwayar farko, a wannan karo ya amince aka saka shi ga mai bukata. Zane ba ya kammaluwa sai mai shi ya yarda ya bar wasu abubuwan da yake ƙauna.

Kamfanin ON Semiconductor ne ya ƙera ƙwayar. Samfurin farko ya iso a watannin ƙarshe na 2018, kuma ya yi aiki, ko da yake an gano wasu kurakurai. Aka gyara aka sake ƙerawa a 2019, aka kuma yi gyara na uku a 2020, a ƙarshen shekarar Propeller 2 ta shiga kasuwa. An tsara ta a kan megahaz 180, amma masu gwaji sun tura ta ta haura 300. A cikin ma'adanarta ta dindindin akwai wata manhaja mai suna TAQOZ, wadda wani mai sha'awa daga Ostireliya ya rubuta. Wato aikin mutumin da ba ma'aikacin kamfanin ba yana zaune a cikin silikon kowace ƙwaya da aka sayar.

To, jiran ya biya? Idan da ma'aunin kasuwa za a auna, amsar ba ta da daɗi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma kafin Propeller 2 ta iso, kasuwar ta ci ta kusa watsewa. A 2016 kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar da ESP32 mai ƙwaƙwalwa biyu da gudun megahaz 240, ga haɗin intanet mara waya a cikinta. A watan Janairun 2021, makonni kaɗan bayan fitowar Propeller 2, Raspberry Pi na Ingila ya fitar da RP2040 mai ƙwaƙwalwa biyu, wadda aka ƙera da fasahar nanomita 40, ana sayar da ƙwayar dala 1, allonta mai suna Pico dala 4. Farashin Propeller 2 ya ninka wannan sau da yawa. Mai masana'antar da zai ƙera mita dubu ɗari ba zai yi dogon tunani ba kafin ya zaɓi mai araha. Propeller 2 ta samu gurbinta wurin masu aikin da ke bukatar ƙafafu da yawa da daidaiton lokaci mai tsanani, amma ba ta mamaye duniya ba.

Sai dai ni malami ne, kuma akwai ma'aunin da ya fi damuna. A cikin shekarun nan 14 mutane da dama da ba su taɓa shiga masana'antar silikon ba sun koyi yadda ake tsara umarnin ƙwaƙwalwa, da yadda ake raba rumbu tsakanin masu ɗiba da yawa, da dalilin da ke sa zane ya yi zafi. Sun koya ne domin an bar ƙofa a buɗe, har kuskuren ma a gabansu aka yi shi aka gyara. Kuma ƙofar sai ƙara faɗi take yi. A 2020 Google da masana'antar SkyWater suka saki ƙa'idojin ƙira na nanomita 130 kyauta ga kowa. A 2022 aka fara shirin Tiny Tapeout, inda ake tara ƙananan zane-zanen mutane masu yawa a kan ƙwaya ɗaya su raba kuɗin ƙira, har rabon mutum ya gaza kuɗin babbar wayar hannu. A 2024 Raspberry Pi ya fitar da RP2350, wadda ke ɗauke da ƙwaƙwalwa mai suna Hazard3 bisa tsarin RISC-V da kowa ke da damar amfani da shi, kuma injiniyansu Luke Wren ya zana ta ne a lokacin hutunsa.

Wannan shi ne ya kawo ni gida. Ɗalibanmu na sashen lantarki da kwamfuta sun iya sayen allon Arduino, su jona masa na'urar awo, su kwafo manhaja, su gabatar a matsayin aikin kammala digiri. Ba laifi ba ne, ta nan ake farawa. Laifin shi ne a tsaya a nan, a ɗauki baƙin abin da ke tsakiyar allon tamkar laya, ana amfani da ita ba a buɗe ta. Ba mu da masana'antar silikon, kuma ba na ganin za mu samu nan kusa, amma Parallax ma bai taɓa mallakar ta ba. Zane ake yi a kwamfuta, a gwada a FPGA, a aika wa mai ƙira. Zanen Propeller ta farko yana nan kyauta, ɗalibin aji uku mai himma zai iya karanta shi a zango ɗaya. Allon FPGA guda biyar a ɗakin gwaji ba su fi ƙarfin kowace jami'a ba.

Ga malaman da za su jagoranci irin wannan aiki, labarin Gracey ya bar musu gargaɗi biyu. A lissafa wuta da fili da kuɗi tun ranar farko, kafin a ƙawata zane. Sannan a sa ranar da za a rufe karɓar shawara, komai kyanta, a ajiye ta sai zane na gaba. Ɗalibi ba shi da shekara 14, wata tara gare shi, kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa mai umarni 20 da ta yi aiki a ranar kare kundi ta fi mai umarni 300 da ke nan tafe.