Wuƙa da Nama a Hannun Shugaba

A manyan kamfanonin Amurka, tsagwaron albashi ƙaramin kaso ne na abin da babban jami'i ke kwasa a shekara. Kaso mai tsoka garaɓasa ce da hannun jari, kuma a nan giɓin da ke tsakanin mata da maza ya fi samun maɓoya. Albashi yana da ma'auni a rubuce. Garaɓasa kuwa sai an zauna an auna ƙwazon mutum, kuma wuƙa da nama suna hannun shugaban kamfani da kwamitin gudanarwa.

Shi ya sa ra'ayin shugaba, har da na siyasa, ke iya tasiri a rabon. Amma ta yaya ake gane siyasar shugaba? Dokar Amurka ta tanadi a bayyana sunan duk wanda gudummawarsa ga ɗan takarar tarayya ta haura dala 200. Ta kuma wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su bayyana abin da suka biya manyan jami'ansu biyar. Mai bincike Alma Cohen da abokan aikinta biyu sun jera waɗannan bayanai gefe da gefe. Suka tarar kamfanonin da shugabanninsu suka karkata ga jam'iyyar Dimokurat sun fi ɗora mata a manyan kujeru, giɓin biyan ma ya fi ƙanƙanta a can. A 2017 Forrest Briscoe da Aparna Joshi sun ga makamancin haka wajen rabon garaɓasa a wani babban kamfanin lauyoyi. Inda baki ya karkata, nan yawu ke zuba.

To, idan mata suka hau kujerar fa? Norway ta gwada. A 2003 ta kafa doka cewa kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujerun kwamitin gudanarwa a manyan kamfanoni, dokar ta kankama sosai a 2008. Marianne Bertrand da abokan bincikenta sun bi sawun abin da ya biyo baya: giɓin ya ragu tsakanin 'yan kwamitin, amma matan da ke ƙasa da su ba su gani a ƙasa ba. Kwamiti yakan zauna sau 'yan kaɗan a shekara. Wanda ke cika takardar auna ƙwazo da ƙarin girma manaja ne da ke ofis kullum, shi kuwa dokar ba ta taɓa kujerarsa ba.